Jemagen Kurket: Shi Ba Mai Bugu Ba, Shi Ba Mai Jifa Ba

A farkon watan Yulin 2019, ana tsakiyar gasar cin kofin duniya ta wasan kurket a Ingila, Sanjay Manjrekar ya saki wata magana da ta dawo ta tsaya masa a wuya. Manjrekar tsohon ɗan wasan Indiya ne da ya koma sharhi a talabijin. Ana muhawara kan ko a sa Ravindra Jadeja cikin sha ɗayan Indiya, sai ya ce shi kam ba ya ra'ayin ɗan wasan da ke gutsurar nan ya gutsuri can, kuma a ganinsa haka Jadeja yake a wasan yini ɗaya. Gara a ba shi cikakken mai bugu da cikakken mai jifa, kowa ya tsaya a kan sana'arsa. Jadeja bai haɗiye ba. Ya hau Twitter ya ce wasannin da ya buga sun ninka na Manjrekar, kuma har gobe yana bugawa, sannan ya gaji da jin gudawar bakin mutumin.

Mako guda bayan haka Indiya ta haɗu da Niyu Zilan a wasan kusa da na ƙarshe a Old Trafford, filin kurket na Manchester, wanda yake daban da na ƙwallon ƙafa ko da yake unguwarsu ɗaya. Jadeja ya yi jifa aka ci maki 34 kacal a kansa, ya fitar da mutum ɗaya. Ya cafe ƙwallo biyu a sama, ya kuma fitar da Ross Taylor da wani jifa daga nesa da ya daki sanduna, wato itatuwa ukun da mai bugu ke karewa, kai tsaye. Da aka zo bugu, Indiya na neman maki 240, ya shigo an riga an fitar da mutum shida a kan maki 92, gida ya kama da wuta. Ya ci 77 a ƙwallo 59. Indiya dai ta sha kashi da tazarar maki 18, amma a ranar Manjrekar da bakinsa ya amsa cewa Jadeja ya yi kaca-kaca da shi ta kowace fuska.

Jama'a suka yi dariya, aka ce an ƙure mai sharhi, aka wuce. Ni kuwa ina ganin an bar jaki ana dukan taiki. Manjrekar ya yi kuskuren mutum, domin Jadeja ya fi ƙarfin wannan suna. Ya zuwa 2024 ya fitar da mutum 300 a wasannin Tes, ya kuma ci maki sama da 3,000. Amma irin ɗan wasan da yake nufi yana nan, kowace ƙasa ta taɓa sa shi. Abin da ya kamata a tambaya shi ne me ya sa masu zaɓen 'yan wasa, mutanen da suka tsufa a cikin wasan, suke ta komawa gare shi alhali sun san bai kai nan ba, bai kai can ba.

Tunda kurket ba wasan da ake haskawa a gidajen kallon ƙwallo na unguwa ba ne, bari in ɗan share fage. Kowace ƙungiya mutum sha ɗaya ce. Ɗaya na bugu, ɗaya na jifa da tare ƙwallo, sannan su yi musaya. Mai jifa yakan jefa ƙwallo shida a jere, wannan shi ne oba ɗaya, sai wani ya karɓa daga ɗaya gefen. Mai bugu yana tara maki har a fitar da shi, kuma da an fitar da mutum goma bugun ƙungiyar ya ƙare. Kowa zai yi bugu idan layi ya zo kansa, amma ba kowa ke jifa ba. Wasan kashi uku ne: Tes, mai kwana biyar; wasan yini ɗaya, mai oba 50 ga kowane ɓangare; da T20, mai oba 20. Bugu da jifa kuwa sana'o'i ne biyu da ba su haɗa hanya ba, kamar ƙira da jima. Ana auna mai bugu da matsakaicin makin da yake ci kafin a fitar da shi, wanda ya haura 40 a Tes gwani ne. Ana auna mai jifa da matsakaicin makin da ake ci a kansa kafin ya fitar da mutum ɗaya, wanda ya tsaya ƙasa da 30 shi ma gwani ne.

Akwai 'yan ƙalilan da Allah ya haɗa musu biyun. Jacques Kallis na Afirka ta Kudu ya ci maki 13,289 a Tes da matsakaicin 55, ya fitar da mutum 292. Imran Khan, wanda daga baya ya zama firaministan Pakistan, matsakaicin bugunsa ya kusa 38, na jifansa bai kai 23 ba. Ga Garfield Sobers, ga Ian Botham, ga Kapil Dev. Irin waɗannan, da za a ɗaure musu hannu ɗaya a hana su rabin aikinsu, da ɗaya rabin kaɗai za su samu gurbi a ƙungiya. Ƙasa takan yi shekara ashirin ba ta haifi ɗaya ba. Wanda muke magana a kansa shi ne ƙaninsu na nesa: matsakaicin bugunsa 20 da 'yan kai, na jifansa 40 ko sama. Da bugu kaɗai ba za a ɗauke shi ba, da jifa kaɗai ba za a ɗauke shi ba. Jemage ke nan, shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba. Zan riƙa kiransa ɗan rabi-da-rabi.

Mai kallon ƙwallon ƙafa zai ce ai mu ma mun san irinsu, ga James Milner, ga John O'Shea da har gola ya taɓa tsaya wa Manchester United. Kamar da wuya. A ƙwallon ƙafa mai toshe ɓaraka yana iya zama a benci har a bukace shi. A kurket na ƙasa da ƙasa babu canji irin wannan, sunayen da kyaftin ya miƙa kafin a jefa kwabo su ne za su yi bugu, su ne za su yi jifa har a tashi, sai dai in wani ya ji rauni a kai. Duk gurbin da aka ba ɗan rabi-da-rabi, wani gwani aka bari a waje.

To me ya kawo shi? Lissafi ne, kuma lissafin mai sauƙi ne. A wasan yini ɗaya doka ta hana mai jifa ɗaya wuce oba goma cikin hamsin. Ke nan ko ana so ko ba a so sai mutum biyar sun yi jifa. Cire mai tsaron bayan sanduna daga cikin sha ɗaya, saura goma. In ka ɗauki masu jifa zalla guda biyar, masu bugunka biyar ne da mai tsaron sanduna, daga lamba bakwai a layin bugu zuwa ƙasa sai addu'a. In ka ɗauki masu bugu shida don ka ji ƙarfi, masu jifanka huɗu ne, oba arba'in ke nan, an bar oba goma marasa uba. Waɗannan oba goman su ne bangon da ya tsage har ƙadangare ya samu wurin shiga. Kusan duk wani ɗan rabi-da-rabi da ya taɓa sa rigar ƙasarsa a gajeren wasa, riƙon waɗannan marayun aka ɗauke shi yi, tare da alkawarin zai ɗan taɓuka wani abu da sanda a lamba bakwai ko takwas.

Ingila ta ɗanɗana kuɗar raina su tun da wuri. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 1979 a filin Lord's da ke Landan, lokacin ana oba 60 ne kuma kason kowane mai jifa 12, ta shiga da masu jifa huɗu, ta ce masu bugunta uku, Geoff Boycott da Graham Gooch da Wayne Larkins, za su yi karo-karo su cike sauran. Da farko abin ya yi kamar zai tafi daidai, an fitar da 'yan Wes Indis huɗu kafin su kai maki 100. Sai Collis King ya shigo ya tarar da 'yan karo-karo. Ya ci 86 a ƙwallo 66, Viv Richards ya ƙare da 138 ba a fitar da shi ba, oba sha biyun nan kuwa suka sha maki 86 ba tare da sun fitar da kowa ba. Kofi ya tafi.

Bayan shekara huɗu, a wannan fili dai, sai ga akasin haka. Indiya ta zo gasar 1983 ba wanda ya sa ta a lissafi. In ka cire Kapil Dev, ƙungiyar cike take da mutanen da ke jifa mai matsakaicin gudu suna kuma ɗan iya riƙe sanda: Roger Binny, Madan Lal, Kirti Azad da ke murɗa ƙwallo, da Mohinder Amarnath, wanda shi mai bugu ne na gaske amma jifansa kamar yana lallashin ƙwallon. Duba alƙaluman Binny da Madan Lal a Tes, dukansu matsakaicin bugunsu bai kai 24 ba, na jifan Madan Lal ya kai 40. Amma Binny ne ya fi kowa fitar da mutane a gasar, 18, Madan Lal na biye da 17. A wasan ƙarshe ranar 25 ga Yuni Indiya ta ci 183 kawai, makin da kowa ya ɗauka Wes Indis mai riƙe da kofi biyu za ta shanye kafin la'asar. Madan Lal ya fitar da uku, har da Richards, Amarnath ya fitar da uku a kan maki 12, aka kwashe Wes Indis a 140. Ƙungiyar da ke da Andy Roberts da Michael Holding da Joel Garner da Malcolm Marshall ta faɗi a hannun mutanen da ko ɗaya a cikinsu ba zai samu gurbin jifa a cikinta ba.

Ba sa'a ce zalla ba, akwai dalili, kuma dalilin nan shi ne zuciyar maganar. A gajeren wasa mai bugu ne ke cikin matsi. Ƙwallaye ƙidayayyu ne, dole ya kai hari. Mai jifan da ba shi da gudu, ba shi da wata murɗiya ta a zo a gani, in dai zai iya ajiye ƙwallo a wuri ɗaya sau shida a jere, to ya isa, domin mai bugu ne zai gaji ya yi ganganci ya ba da kansa. A ɓangaren bugu ma haka ne. Wanda ke shigowa a lamba bakwai sau da yawa ƙwallo ashirin ko talatin ne suka rage masa. Ba a neman ya ci ɗari, ya ci 25 da sauri ya yi aikinsa. Gajeren wasa yana rage tazarar da ke tsakanin gwani da mai dama-dama, kuma idan ƙasar fagen jifa ta taimaka, kamar damshin Ingila a watan Yuni da ke sa ƙwallo karkacewa, tazarar takan kusa ɓacewa.

Martin Crowe, kyaftin ɗin Niyu Zilan a lokacin, ya gane wannan sarai a kofin duniya na 1992. Filayen Niyu Zilan na lokacin ba su da sauri, ƙwallo na isowa a gajiye. Sai ya tara masu jifan lallaɓa, Gavin Larsen da Chris Harris da Rod Latham da Willie Watson, ya kuma sa mai murɗa ƙwallo, Dipak Patel, ya buɗe jifa, abin da ba a saba gani ba. 'Yan jarida suka laƙaba musu sunan zolaya, su kuwa suka ci wasa bakwai a jere. Sai a wasan kusa da na ƙarshe wani saurayi ɗan Pakistan, Inzamam-ul-Haq, ya ƙi bin tsarin, ya ci 60 a ƙwallo 37, asiri ya tonu. Harris shi ne cikakken misalin abin da nake faɗa. Ya buga wa ƙasarsa wasan yini ɗaya 250, ya fitar da mutum 203, ya ci maki sama da 4,000, kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa iya tare ƙwallo a zamaninsa. A Tes kuwa wasa 23 ya buga, matsakaicin bugunsa kusan 20, na jifansa ya haura 70. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya ne, wasan ne ya bambanta.

A Tes lissafin da ya haifi ɗan rabi-da-rabi ba ya nan. Babu iyaka ga oba nawa mutum zai jefa, gwanaye huɗu za su iya ɗauke nauyin duka. Mai bugu kuma ba ya sauri, yana da kwanaki a gabansa, zai tsaya ya kalli jifan lallaɓa yana wucewa har wanda ya kauce ya zo ya hukunta shi. Manyan ƙungiyoyi biyu da suka fi mamaye Tes a zamanin nan ba su damu da mai hannu biyu ba. Wes Indis ta yi daga 1980 zuwa 1995 ba a doke ta a jerin wasannin Tes ba, da masu jifan gudu huɗu da masu bugu shida. Ostareliya ta ci Tes 16 a jere tsakanin 1999 da 2001 da masu jifa huɗu, sai dai ita ta yi dace da Adam Gilchrist, mai tsaron sanduna da ke bugu kamar na sahun gaba. Gaskiya ne cewa mai jifa na biyar yana ba sauran damar shan iska, kuma jifan gudu aiki ne mai cin gwiwa da gadon baya. Amma hutun da za a saya da raunana bugu da jifa gaba ɗaya ya yi tsada.

Ingila ce ta fi kowa biyan wannan kuɗi, kuma ɗan wasanta Botham ne ya jawo mata ba da niyya ba. Bayan abin da ya yi wa Ostareliya a 1981, musamman 149 ɗin da ya ci a Headingley lokacin da kowa ya fid da rai, sai masu zaɓe suka kasa tunanin ƙungiya ba tare da irinsa a lamba shida ba. Duk saurayin da ya ci hamsin ya kuma fitar da mutum uku a wasan gundumomi, sai jaridu su ce ga sabon Botham. Derek Pringle ya buga Tes 30, matsakaicin bugunsa 15. David Capel ya buga 15, bugu 15 da ɗoriya, jifa 50. Chris Lewis, wanda ya fi su baiwa nesa ba kusa ba, ya ƙare da 23 da 37. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Gavin Hamilton. Ya haskaka wa Sikotilan a kofin duniya na 1999, Ingila ta janye shi, ta sa shi a Tes ɗaya a Johannesburg a ƙarshen shekarar, aka fitar da shi sau biyu bai ci ko maki ɗaya ba, bai kuma fitar da kowa ba. Daga nan ba a sake kiransa ba. Waɗannan mutane ba ragwaye ba ne, a gundumominsu taurari ne. Riga aka ɗinka da awon wani aka ce sai sun cika ta.

Har a gajeren wasan ma Ingila ta nuna inda dabarar ke ƙarewa. A Disamban 1997 ta tafi Sharja ƙarƙashin Adam Hollioake da tarin 'yan rabi-da-rabi, su Mark Ealham da Matthew Fleming da Dougie Brown, ta doke Indiya da Pakistan da Wes Indis ta ɗauko kofi. Aka ce an gano bakin zaren. Shekara ɗaya da rabi bayan haka, a kofin duniya da aka yi a gidanta, aka yi waje da ita tun a zagayen farko. Abin lura shi ne jifan bai ba da kunya sosai ba. Bugu ne ya rushe: 103 a gaban Afirka ta Kudu, 169 a gaban Indiya. Alkawarin da ake yi da ɗan rabi-da-rabi shi ne zai tsawaita layin bugu, amma ranar da ƙwararrun sama suka faɗi a hannun Allan Donald, mai jifan gudu na Afirka ta Kudu, mai matsakaicin 18 ba shi ne zai tsaya ba. Yana da amfani ranar da abubuwa ke tafiya daidai, ranar da aka fi bukatarsa kuwa ruwan ya fi ƙarfinsa.

Akwai wani ɓangare da ba a cika dubawa ba, wato abin da wannan matsayi ke yi wa shi ɗan wasan. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Saurayin da aka lura yana taɓa duka biyun akan ɗauko shi da wuri, tun bai nuna ba, saboda irinsa na da wuyar samu. Sai a ajiye shi a lamba bakwai ko takwas inda ba zai taɓa koyon gina dogon bugu ba, a ba shi oba biyar ko shida inda ba zai koyi farautar mai bugu ba. Lokacin atisayensa ma rabawa yake yi. Bayan shekara uku a ce bai ci gaba ba. Moeen Ali ya taso a Worcestershire a matsayin mai bugu na sahun gaba. Da Graeme Swann ya yi ritaya a ƙarshen 2013, Ingila ta rasa mai murɗa ƙwallo, ta ce Moeen ya riƙe. Ya riƙe kuwa, ya fitar da 'yan Indiya 19 a bazararsa ta farko. Amma a Tes 68 da ya buga, babu lambar da ba a tura shi bugu ba daga ɗaya har tara. Ya ƙare da maki 3,094 a matsakaicin 28, da mutum 204 a matsakaicin 37. Mai duba alƙaluma zai ce ga jemage. Ni abin da na gani shi ne mutumin da duk inda rufi ya yi yoyo shi ake turawa da bokiti, kuma bai taɓa cewa a'a ba.

Wasu sun tsira ne da suka saki taura ɗaya. Steve Smith na Ostareliya ya fara Tes a Lord's a 2010 a matsayin mai murɗa ƙwallo da ke bugu a lamba takwas, kuma a lokacin ba shi da abin nunawa a ko wanne. Aka ajiye shi, ya koma gida ya rungumi bugu, ya dawo a 2013. Yau yana da maki sama da 10,000 a Tes. Paul Collingwood ma da sunan ɗan cike gurbi ya shigo, ya ƙare da 206 a Adelaide da matsakaicin 40, shi ne kuma kyaftin ɗin da ya fara ɗauko wa Ingila kofin duniya, na T20 a 2010. Sunan rabi-da-rabi sau da yawa hoton mutum ne a wata shekara, mutane kuma sukan riƙe hoton bayan mai shi ya canza kama. Abin da ya faru da Manjrekar ke nan.

Ma'aunin ma da ake yanke hukunci da shi yana da nasa ramukan. An saba cewa mai hannu biyu na gaske shi ne wanda matsakaicin bugunsa ya ɗara na jifansa. Da wannan ma'auni Andrew Flintoff na Ingila ya faɗi, 31 da ɗoriya a bugu, kusan 33 a jifa, alhali shi ne ya karya Ostareliya a 2005 da maki 402 da mutum 24 a wasa biyar. Shahid Afridi na Pakistan ma ya faɗi, 23 da 34 a wasan yini ɗaya, amma matsakaici ba ya faɗin cewa makinsa 8,064 ya ci su ne da saurin da ya haura maki ɗaya a kowane ƙwallo, ko cewa ya ci ɗari a ƙwallo 37 a Nairobi tun 1996. Haka kuma babu inda ake rubuta makin da mutum ya hana da tare ƙwallo, wanda nan ne da yawa daga cikin mutanen nan suka fi kowa. Sam Curran na Ingila, a Tes bugunsa bai kai 25 ba, jifansa ya haura 35. Shi ne gwarzon kofin duniya na T20 a 2022, kuma wata guda bayan haka wata ƙungiyar gasar IPL ta Indiya ta saye shi a kan rupi miliyan 185, kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasa ba a lokacin. Masu kuɗin nan ba sadaka suke yi ba.

Inda nake tare da Manjrekar ɗari bisa ɗari shi ne inda tsoro ne ya yi zaɓen. Mai zaɓe yakan ɗauki ɗan rabi-da-rabi don ya kauce wa yanke shawara mai wuya tsakanin mai bugu na shida da mai jifa na biyar, in an faɗi kuma ba wanda zai ce ya bar ƙofa a buɗe. Kafin gasar 2019 Indiya ta shafe watanni tana gwada Ambati Rayudu a lamba huɗu, ranar zaɓe sai aka ɗauki Vijay Shankar, shugaban masu zaɓe MSK Prasad ya ce shi yana da fuska uku, bugu da jifa da tare ƙwallo. Rayudu ya rubuta a Twitter cewa ya yi odar tabarau na kallon fim mai fuska uku don ya kalli gasar. Shankar ya fitar da mutum da jifansa na farko a gasar, a wasan Pakistan, sannan ya ji rauni a yatsan ƙafa ya koma gida. Matsalar lamba huɗu kuwa tana nan inda aka bar ta, ita ce ta tashi a Old Trafford ranar da Jadeja ya shigo ya tarar da gobara.

Dokoki ma sun yi ta juya masa baya. Daga 2011 aka koma amfani da sabbin ƙwallaye biyu a wasan yini ɗaya, ƙwallo ya daina laushi a tsakiyar wasa, aka kuma rage yawan masu tare ƙwallo da za a iya turawa bakin iyaka. Jifan lallaɓa irin na su Larsen, wanda a da ake cin ƙasa da maki huɗu a oba a kansa, ya zama abinci. A 2005 hukumar kurket ta duniya ta gwada ba da damar canjin mutum ɗaya, ta janye kafin shekara ta zagayo domin ƙungiyar da ta ci jefa kwabo ce kaɗai ke morarsa. IPL ta farfaɗo da shi a 2023 da gyara, yanzu ƙungiya na iya cire mai bugu bayan ya gama ta shigo da mai jifa. Da wannan an yi wa oba marasa uba uba, ɗan rabi-da-rabi ya rasa dalilin zamansa. A 2024 Rohit Sharma, kyaftin ɗin Indiya a lokacin, ya fito ya ce ba ya son dokar, kurket wasan mutum sha ɗaya ne, kuma irin su Shivam Dube da Washington Sundar sun daina samun jifa. Damuwarsa a fili take: a wasan ƙasa da ƙasa babu wannan canji, kuma ba a san daga wace gona za a riƙa samo masu hannu biyu ba idan babbar gasar gida ta daina shuka su.

Rohit ya san abin da yake faɗa, domin watanni kaɗan kafin nan abin ya faru a kansa. A kofin duniya na 2023 Hardik Pandya, mai hannu biyun da ƙungiyar Indiya ta dogara a kansa, ya gurɗe a idon sawu a wasan Bangladesh a Pune. Babu mai maye gurbinsa, sai aka canza mutum biyu don a toshe ramin mutum ɗaya: aka shigo da Suryakumar Yadav don bugu, aka ajiye Shardul Thakur, wanda ke ɗan taɓa duka biyun, aka ɗauko Mohammed Shami, mai jifa zalla. Shami ya fitar da mutum 24 a wasa bakwai, ya fi kowa a gasar. Indiya ta ci wasa goma a jere. Da a nan labarin ya tsaya, da Manjrekar ya ci gari.

Sai wasan ƙarshe da Ostareliya, ranar 19 ga Nuwamba a Ahmedabad. Indiya ta fara da wuta, maki 80 a oba goman farko, sannan aka fitar da mutum na uku a kan 81. Virat Kohli da KL Rahul suka duba bayansu: Jadeja, Suryakumar, daga nan sai Shami a lamba takwas da masu jifa uku. Suka ja birki. Rahul ya ci 66 a ƙwallo 107, kuma a oba arba'in na ƙarshe sau huɗu kacal Indiya ta kai ƙwallo bakin iyaka. Ƙasar fagen ba ta da sauri a ranar, Pat Cummins, kyaftin ɗin Ostareliya, kuma ya jefa abin da ya dace, ba na musun wannan. Amma a duba yadda Ostareliya ta yi da nata oba goman. Masu jifa huɗu ta zo da su, ta raba sauran tsakanin masu bugu uku, Glenn Maxwell da Mitchell Marsh da Travis Head, dabarar nan dai da ta kashe Ingila a 1979. A wancan karon Collis King ya ga 'yan karo-karo ya far musu, saboda bai ji tsoron abin da ke bayansa ba. A wannan karon oba goman sun sha maki 44 ne kawai, Maxwell ya kuma tafi da Rohit. Indiya ta tsaya a 240, Head ya ci 137, Shardul Thakur yana zaune a benci yana kallo.